Ranar da Baba Ya Sa Tabarau na Kwali

Shekarun baya, tun gemuna bai san furfura ba, an kusa fasa auren ƙanwata da abokina saboda tambaya guda. Ba tambayar asali ba ce, ba kuma ta sana'a ba. Tambayar ita ce, shin ilimin kimiyya yana nuna akwai wanda ya yi duniya, ko ba ya nunawa. Yanzu in muka tuna dariya muke yi har da hawaye, amma a lokacin sai da ƙanwata ta rame.

Ni da abokina tare muka tashi a unguwar Birni ta Damagaram, muna hawan duwatsun unguwa muna yage wanduna. Tare aka sa mu lakwal, wato makarantar boko, tare muka kai lise, babbar sakandare. A can ne lissafi ya raba mu, ni ya koro ni waje, shi kuwa ya riƙe shi. Na samu aiki a meri, wato ofishin magajin gari, ina buga hatimi a kan takardun haihuwa. Shi ya tafi jami'a a Yamai, ya dawo Damagaram yana koyar da kimiyyar fizik a wani lise, duk gari ana ce masa Mushe, yadda muke kiran malamin boko. Siriri ne, mai sanyin magana, kullum hannun rigarsa da farin alli. Ba ya fashin jam'i, amma ba za ka ji shi yana surutun addini ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya cewa "haka ne" in bai tabbatar ba. Ko "ka ƙoshi?" ka tambaye shi, sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya amsa.

Ni kuwa akasinsa ne. Ban san abu ba, amma in aka fara gardama a kansa, ni ne a gaba.

Ƙanwata a lokacin tana karatun unguwarzoma. Yadda aka yi suka fara son juna ban sani ba, na dai lura abokina ya fara yawan zuwa nemana a lokutan da ya san ina wurin aiki. Mahaifiyata ta rigaya kowa ganewa, kuma ta ji daɗi, don tun yana yaro take zuba masa tuwo a kwano ɗaya da ni. Magana ta yi nisa, har an sa ran manyansa za su zo gaisuwa kafin damina.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, Babarbare ne. Kakanninsa daga Barno suka zo da fatauci suka zauna. Dabino da kanwa yake sayarwa a kasuwa, kuma yana da wata hanyar ciniki da ta daɗe tana ba ni haushi. In fatake suka sauko daga arewa da buhunan dabino, sauran ƴan kasuwa hannu suke zurawa har gwiwar hannu su ɗebo na ƙasa su duba. Baba ba ya taɓa buhu. Zama yake yi, a gaisa a tambayi hanya da raƙuma da iyali, sannan ya ce, "Akwai mai tsutsa a ciki?" Wanda ya dafa ƙirji ya rantse babu ko ɗaya, Baba zai yi masa addu'ar kasuwa mai albarka ya tashi ya wuce. Wanda ya sosa ƙeya ya ce, "Ba a rasa ba, Alhaji, na ƙasa ya sha zafi a hanya," da shi ake ciniki. Ina yaro ina riƙe masa buzu nake ganin wannan, ina cewa a raina tsohon nan yana barin mai kyau yana sayen mai tsutsa da gangan.

A wata bazara rediyo ya fara sanarwa cewa za a yi kusufin rana, kuma a garinmu rana za ta rufe gaba ɗaya da hantsi. Abokina ya zama kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Kullum da yamma in muka taru a fada, wato inda muke shimfiɗa tabarma a bakin titi muna dafa shayi, sai ya zo da lemo da ƙwallon goriba ya jera a ƙasa. Wannan rana, wannan wata, wannan mu. Wata zai shiga tsakani, inuwarsa ta faɗo mana, shi ke nan. Har lokacin da za a fara ya faɗa mana, da lokacin da za a saki.

Wata rana yana cikin wannan bayani, wani tela da muke zama tare ya ce, "To Mushe, mun ji. Amma wa ya jera su haka?"

Da ni aka tambaya, kafin ya rufe baki na ba shi amsa. Abokina kuwa sai ya tsaya, ya juya ƙwallon goriba a hannu, ya ce, "Wannan ba tambayar fizik ba ce. Fizik ba ta da ma'aunin da za ta auna wannan."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ina wurin, da kunnena na ji. Amma kun san Damagaram. Maganar ta tashi daga fada ta shiga shagon tela, daga can ta bi mai kai ɗinki zuwa unguwar Zango, ta kwana, ta dawo. Kafin ta isa rumfar Baba a kasuwa ta zama, "Mushe ya ce ya auna sama kaf, bai ga Allah ba."

Baba ba mai faɗa ba ne. Bayan la'asar ya kira ni zaure, ya nuna mini tabarma. Ya ce, "A gaya wa mutanen abokinka su dakata da zuwa."

Na ce, "Baba, wallahi ƙarya ake yi masa. Ina wurin. Abin da ya ce shi ne..."

Ya ɗaga hannu. "Ba kai na tambaya ba. Kai ko ɓarawo ka kama da akuya a kafaɗa, in abokinka ne za ka ce rakiya ya yi mata. Ni ba zan ba da ƴata ga wanda bai san wanda ya yi shi ba. Ranar da ya ce rana za ta kamu, ya zo nan ƙofar gida. In ji daga bakinsa."

Da na shiga cikin gida na tarar labari ya riga ni, don zauren gidanmu ba ya riƙe sirri. Ƙanwata tana zaune a bakin rijiya ido ya yi ja. Na zo zan lallashe ta, sai ta share fuska ta taso mini.

"Yaya, kai ne mai baki a gidan nan. Duk gardamar da kake yi a titi ba ta taɓa amfanar kowa ba. Yau ga ranarta. Je ka koya masa magana. Na san shi, Baba zai tambaye shi, shi kuma ya tsaya yana tunani har a kira magariba."

Mahaifiyata tana tankaɗe ba ta ɗago ba, ta ce, "Yaron da na ga ya yi azumi tun bai kai ba, yau shi ne bai san Allah ba. Mutane dai ba su da aiki."

Na karɓi aikin da hannu biyu. Gaskiya ma daɗi na ji, an zo fagena. Na kwashe kwanaki ina tattara hujjoji daga kasakasan wa'azi da duk abin da na taɓa ji, sannan na same shi a ɗakinsa yana gyaran takardun ɗalibai. Babbar hujjata ma daga bakinsa na samo ta. Shi ya taɓa gaya mana cewa rana ta fi wata faɗi ninki ɗari huɗu, kuma ta fi shi nisa da mu ninki ɗari huɗu, shi ya sa a idonmu suke daidai, har ɗaya ya rufe ɗaya kamar murfi da tukunya.

Na ce, "Ga ta nan a hannunka. Wa zai daidaita wannan in ba mai iko ba? Ka faɗa wa Baba haka, ka ƙara da cewa kimiyya ta bincika ta tabbatar. A yi fatiha, a sa rana."

Ya ajiye jan biro ya ce, "Kusan ɗari huɗu."

"Me?"

"Kusan ne, ba daidai ba. Kuma ba kullum yake rufewa ba. Wani lokaci wata yana ɗan nesa, sai ya bar zobe na wuta a gefe. Sannan wata yana ja da baya kaɗan-kaɗan. In duniya ta yi tsawon rai, akwai zamanin da ba zai ƙara rufe ta duka ba."

Na dafe kai. "Kai, wa ya tambaye ka zobe? Baba dabino yake sayarwa. Ina ruwansa da zobe?"

Ya yi murmushi, amma bai sauka ba. Na canza hanya. Na ce to a bar wata, ya dubi tsarin duka. Shi da kansa yake gaya mana dokar da ke jefo mangwaro ƙasa ita ce ke riƙe da taurari, kuma mutum da alli da allo yana iya rubuta ta. Tsari irin wannan ba ya nuna mai tsarawa?

Ya ce, "Ni yana nuna mini. Duk ranar da na rubuta dokar nan a allo sai na ji tsigar jikina ta tashi. Amma akwai waɗanda suka fi ni sanin fizik nesa ba kusa ba, sun kalli abin da na kalla, su bai nuna musu ba. Akwai kuma waɗanda suka fi su, ya nuna musu. Da awo ne, da ba a saɓa ba. Nauyin dutse ba a gardama a kansa. Ni na yi imani, ka sani, tare muke sahu. Amma ba a ɗakin gwaji na samo ba. In na ce wa Baba awo ne ya tabbatar, gobe a samu sabon ma'auni lamba ta canza fa? Sai in koma in ce masa a kwance?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai dai faɗa mini, kana son ta ko ba ka so?"

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago na ga idonsa ya kaɗa. Ya ce, "Ina son ta. Amma ba zan shiga gidanku da maganar da ban yarda da ita ba. Da maganar zan riƙa gaida Baba har ƙarshen rayuwa."

Na tashi na fita ina cewa a raina boko ya ci wa yaron nan ƙwaƙwalwa. Da na koma gida ƙanwata ta tare ni da ido, na ce mata komai ya yi daidai. Ta kalle ni ta ce, "Bai yarda ba ke nan."

Ranar ta zo. Tun da safe zafi ya sauko, gari ya yi wani irin tsit. Mata da yawa sun kulle yara a ɗaka, an hana masu ciki fitowa tsakar gida. Baba bai je kasuwa ba. Ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gindin dogon yaron ƙofar gidanmu, ya zauna da babbar riga da rawani kamar mai jiran baƙi daga nesa. Abokina ya iso da farar riga wadda aka goge har tana ƙara, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi. A hannunsa akwai tabarau na kwali masu baƙin ido, irin waɗanda aka aiko wa lise don kallon rana.

Ya ce, "Baba, ba a kallonta da ido tsirara, tana ƙona gani. In kuna so ku sa wannan."

Baba ya karɓa ya jujjuya. Ya gwada sawa, rawani ya rufe kunnuwa, babu inda za a maƙala. Sai da ya tura rawanin baya, kunnuwansa suka fito, waɗanda ni kaina na daɗe ban gani ba. Dattijo mai kwarjini, wanda in ya yi gyaran murya kasuwa take nutsuwa, ga shi zaune da kwali a fuska ya ɗaga kai sama. Na ciji leɓe na juya baya.

Ya ce, "Ban ga komai ba sai ƙwallo ja."

Abokina ya duba agogo ya ce, "Saura kaɗan, Baba. Ku duba gefenta na sama."

Muka tsaya jira. Can sai Baba ya ce, "La ilaha illallahu. An gutsure ta." Ya cire kwalin ya duba nasa agogon, ya dubi abokina, ya mayar da kwalin fuskarsa.

A gidanmu akwai al'adar da Baba bai taɓa yarda da ita ba, bai kuma taɓa hanawa ba. In wata ko rana ta kamu, mata da yara suna fitowa da kwanoni da gwangwanaye suna bugawa, wai don a ji tausayi a saki. Mahaifiyata tun daren jiya ta ware tasarta da muciya. Sai ga muryarta daga cikin zaure, ba ta fito ba saboda yanzu abokina ya zama wanda ake jin kunya.

"A tambayi Mushe, in buga ko kar in buga?"

Na harari abokina, don na san halinsa. Ya ce, "Iya, ko kun buga ko ba ku buga ba, za ta saki. Amma ku buga. Ni ma da wannan kiɗan na tashi, in babu shi sai in ga kamar ba a yi ba." Muka ji dariyarta daga ciki. Ya roƙa a miƙo masa rariya, ya ɗaga ta a rana, sai ga inuwarta a ƙasa cike da ƙananan jinjirin wata, kowane rami da nasa. Da muka duba ƙarƙashin dogon yaro, duk hasken da ya ratso ganye ya zama haka, har a kan rigar Baba. Mahaifiyata ta manta da kunya ta leƙo, ƙanwata a bayanta.

Haske ya fara canzawa. Ba irin na yamma ba ne, wani fari-fari ne maras ƙarfi, kamar gari ya yi rashin lafiya. Zafi ya ragu, iska mai sanyi ta taso. A lokacin ne Baba ya cire kwalin, ya ɗora a gwiwa, ya fuskanci abokina.

"Malam, lokacin da ka faɗa bai saɓa ba. Iliminka ilimi ne. To ina tambayarka, kuma sau ɗaya zan tambaya. Wannan ilimi naka, ya nuna maka wanda ya yi su, ko bai nuna ba?"

Na fara tari. Tarin da na yi ranar ko mai tarin fuka sai haka. Ina yi ina ɗaga wa abokina yatsu huɗu ta bayan Baba, ko ya tuna ɗari huɗun nan. Ko kallona bai yi ba.

Ya ce, "Baba, ilimin nan yana gaya mini yadda suke tafiya, da lokacin da za su haɗu, da abin da ke cikinsu. Wanda ya yi su kuwa, ba shi da abin auna wannan. Bai ce akwai ba, bai ce babu ba. Duk wanda ya ce muku fizik ta ce babu, ya ƙara mata. Wanda ya ce muku ta tabbatar da akwai, shi ma ya ƙara mata. Ni na san Ubangijina, kuma in na kalli wannan shi nake tunawa. Amma a gida aka ba ni, ba a jami'a ba."

Na ji motsi a zaure, na san ƙanwata ce ta koma ciki. Baba ya gyara zama. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, irin fuskar da yake yi wa fatake.

Kafin wani ya sake magana duhu ya faɗo. Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an ja bargo daga yamma an rufe garin. Kaji suka ruga akurki, awaki suka hau kuka, ladanai suka ɗauka daga ko'ina, kiɗan kwanoni ya tashi daga gida zuwa gida, tasar mahaifiyata ta fi ta kowa ƙara. Abokina ya ce da ƙarfi, "Yanzu a cire tabarau, yanzu ba komai!" Muka ɗaga kai. Inda rana take sai baƙin rami, kewaye da wani farin haske mai laushi yana bazuwa kamar gashi. Ga tauraro a fili da hantsi.

Abokina ya yi kwanaki yana cewa zai riƙe agogo ya auna tsawon duhun don ya gaya wa ɗalibansa. Da na waiwaya, agogon yana ƙasa cikin rairayi. Shi kuma yana tsaye baki buɗe, hawaye na zuba har wuyan farar rigar, yana ta maimaita, "Subhanallah, Subhanallah." Baba kuwa ya ɗan kalli sama, sannan ya sauke kai, abokina yake kallo.

Da gefen rana ya ɓullo, gari ya ɗauki kabbara da guɗa. Baba ya miƙe ya gyara rawani, ya ɗauki agogon ya kaɗe ya miƙa masa. Ya ce, "Wannan da kake ta faɗa yanzu, a wane shafi yake a littafin fizik ɗin?"

Abokina ya share fuska ya ce, "Ba ya ciki, Baba."

Baba ya ce, "Mu je masallaci, an tayar." Muka bi shi aka yi sallar kusufi. Da aka idar ya shige gida, bai ce a zo ba, bai ce kar a zo ba. Tabaran kwalin ma bai mayar ba, aljihu ya sa. Ranar ƙanwata ba ta ci abinci ba, ni kuma na ƙi yi wa abokina magana, don a ganina ya zubar da abin da aka kawo masa har baki.

Washegari ranar kasuwa ce. Baba ya aiko in same shi a rumfa. Na tarar ya ware ƙaramin buhun dabino, mai kyau, irin wanda yake ajiyewa don manyan baƙi. Ya ce, "Kai wa mahaifin abokinka. Ka ce ina gaisuwa, kuma ƙofa a buɗe take duk ranar da suka shirya."

Na tsaya kamar gunki. Na ce, "Baba, amma ai bai ce..."

"Bai ce abin da ka koya masa ba. Na ji tarinka. Har yatsunka na gani a inuwa." Maƙwabtan rumfa suka fashe da dariya. Ya bari suka gama, sannan ya ce, "Shekara nawa kana bina kasuwar nan? Da ya dafa ƙirji ya ce iliminsa ya tabbatar, babu ko tantama, da na yi masa addu'a na tashi. Yaron nan ya san amsar da nake so. Ya san ƴata ce a kan tabarma. Ya ƙi ƙara gishiri a maganar Allah don ya samu mata. Wanda ya yi wannan ba zai yi wa ƴata ƙarya ba."

Na ɗauki buhun, kunya ta ishe ni, amma bakina bai mutu ba. Na ce, "To ku Baba, da kuka duba, me kuka gani?"

Ya ce, "Aikin Ubangijina na gani. Amma da saninsa na zo. Kwalin nan ido kawai ya tsare mini."

Da na kai wa ƙanwata labari, sai da ta rama duk abincin da ta bari, tana ci tana kuka tana zagina wai na kusa kashe ta da tari. An ɗaura aure bayan girbi. Yau ƴarsu ta fari tana jami'a, kuma lissafi take karantawa, abin da ke nuna ba ta biyo kawunta ba.

Har yanzu ni da abokina ba mu daidaita ba. Ni dai ina nan a kan bakata, murfin nan da tukunyar nan ba su haɗu da kansu ba, kuma in aka taɓo maganar a fada sai na faɗa da ƙarfi. Shi kuma sai ya bari na gama ya ce, "Kusan ɗari huɗu." Abin da ya canza a wurina shi ne na daina jin tsoron amsarsa. A da ina ganin duk wanda bai ce kimiyya ta tabbatar ba, to yana rage wa imani ƙarfi. Daga baya na gane ni ne nake neman abin jingina, shi nasa a tsaye yake ba tare da an tokare shi ba. Kuma na gane abin da tsohon nan yake saye a kasuwa tun ina yaro, ba dabino kaɗai ba ne.

Baba ya mayar da tambayar abin wasa tsakaninsa da surukinsa. Duk sallah in mun je gaisuwa, bayan an ci an sha, sai ya ce, "Malam, bana fa? An samu ma'aunin?" Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba a samu ba tukuna, Baba." Baba ya ce, "To a ci gaba da nema." Ko sau ɗaya ba su gaji da wannan ba.

Da ciwon ajali ya kama shi, muka kai shi asibiti aka yi gwaje-gwaje, likita ya kira mu gefe ya gaya mana abin da ake ciki. Muka dawo da shi gida. Kowa ya shiga ɗakin sai ya ce, "Sauƙi na nan tafe, Alhaji." Ni na fi kowa faɗin haka, har da cewa kafin azumi zai koma rumfa. Ƙanwata da ta san aikin asibiti ita ma haka take ce masa, sannan ta fita bayan ɗaki ta yi kuka. Yana jinmu yana gyaɗa kai. Wata safiya bayan an ba shi kunu ya ce a kira masa surukinsa, ni kuma in zauna in yi shiru, in zan iya.

Abokina ya durƙusa a gefen katifa. Baba ya kama hannunsa ya ce, "Me likita ya ce?"

Ya tsaya ya yi tunani, kamar yadda ya saba. Sannan ya gaya masa, a hankali, bai rage ba bai ƙara ba. Baba ya rufe ido ya ce alhamdu lillahi, ya ce yanzu ya san abin da zai yi da kwanakinsa. Kuma ya yi, ya kira wanda zai kira, ya yafe wa wanda zai yafe wa, ya nemi yafiya. Amma kafin ya saki hannun ranar, sai na ga bakinsa ya motsa da ɗan murmushin nan na ranar sallah.

"Malam, har yanzu ilimin naka bai nuna maka shi ba?"

Abokina ya ce, "Bai nuna ba, Baba."

Baba ya ce, "To, in ya yi mini rahama, ni zan riga ka gani."